Wa'azi a Bakin Teburin Wasa: Yadda Kiristocin Amurka Suka Shiga Taron Gen Con

Duk shekara, wajen ƙarshen watan Yuli ko farkon Agusta, birnin Indianapolis na jihar Indiana a Amurka yakan cika ya batse da baƙi kimanin 70,000. Abin da ya kawo su wasa ne, irin na zama a kewaye tebur: kati, da allo mai gida-gida, da ƙwayar jifa irin ta ludo. Sunan taron Gen Con. Kwana huɗu ake yi, daga Alhamis zuwa Lahadi, kuma kamfanoni sama da 500 ne ke kafa rumfuna suna tallar sababbin wasanninsu. Tsofaffi masu furfura, da matan aure, da yara sa'anninku, kowa ya samu kujera ya zauna.

A safiyar Lahadi, ranar ƙarshe, wasu daga cikin mahalarta sukan ware kansu su shiga wani ɗaki su yi sujada irin ta Kiristoci, da waƙoƙi da wa'azi, sannan su koma kan teburansu. Wanda bai san tarihi ba zai ga ba wani abin mamaki a nan. Amma shekara arba'in da suka wuce, coci-coci da yawa a Amurka suna kallon irin waɗannan wasanni a matsayin ƙofar Shaiɗan.

Mu da muka taso da ludo da dara da karta, za mu iya zaton duk wasan tebur iri ɗaya ne: ka ci ko a ci ka, a tashi. Wanda ya jawo rigimar daban yake. Wani mutum mai suna Gary Gygax ne ya fara Gen Con a shekarar 1968 a wani ƙaramin gari, Lake Geneva, a jihar Wisconsin, da mutane kusan ɗari kacal. A 1974 shi da abokinsa Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons, wanda ake taƙaitawa D&D. Ya fi kama da tatsuniyar da mutum biyar ko shida ke yi tare. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke faɗin inda ake da abin da ke faruwa. Sauran kowa ya ɗauki matsayin wani a cikin labarin: wannan jarumi, wannan ɓarawo, wannan matsafi, wancan limami. Idan ka ce za ka tsallake rami ko ka yaƙi dodo, sai ka jefa ƙwaya, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ka yi nasara. Labari ɗaya yakan ɗauki watanni, ana haɗuwa mako-mako ana ci gaba daga inda aka tsaya.

Matsafan nan da dodannin su ne suka tayar da hankalin iyaye. A 1979 wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya ɓace daga Jami'ar Jihar Michigan. Mai binciken da iyayensa suka ɗauka ya yi hasashen cewa wataƙila wasan ne ya ruɗe shi ya shige ramukan da ke ƙarƙashin jami'ar. Jaridu suka ɗauka suka yaɗa. Daga baya yaron ya bayyana, kuma ɓatansa ba shi da alaƙa da wasan, amma labarin farko ya riga ya zaga ƙasa. Har fim aka yi a 1982 mai kama da wannan labari, Mazes and Monsters, wanda Tom Hanks ya fito a ciki yana matashi. A shekarar ne kuma wata uwa a jihar Virginia, Patricia Pulling, ta rasa ɗanta, wanda ya kashe kansa. Ta ɗora laifin a kan D&D, ta kai ƙara kotu, kotu ta yi watsi da ƙarar. Sai ta kafa ƙungiya mai suna BADD a 1983, ta riƙa zagaya makarantu da coci-coci da ofisoshin 'yan sanda tana gargaɗi. A 1984 Jack Chick, mai buga ƙananan littattafan wa'azi masu zane, ya fitar da Dark Dungeons, inda ya nuna wasan a matsayin makarantar koyon tsafi.

Bai kamata mu yi wa waɗannan iyaye dariya ba. Uwar da ta binne ɗanta dole ta nemi dalili, kuma a unguwanninmu ma mun san yadda ake kallon yaron da aka gani da kati a hannu: kafin ya buɗe baki an ce ɗan caca ne. Sai dai abin da ya biyo baya ya yi ɓarna. An ƙona littattafan wasan, an rufe kulob-kulob a wasu makarantu, yara da yawa suka ji daga bakin fastocinsu cewa abin da suke ƙauna na wuta ne. Kamfanin TSR mai buga wasan ma sai da ya ja da baya: a bugun 1989 ya cire sunayen shaiɗanu da iblisai daga littattafansa. Wani abin ban dariya shi ne, a 1984 wani Kirista, Dick Wulf, ya ƙirƙiro wasa mai suna DragonRaid don koya wa matasa haddar ayoyin Littafi Mai Tsarki, amma shi ma wasu masu wa'azi ba su ƙyale shi ba, tunda dai da dodo a ciki.

Yaran da aka yi wa wannan faɗa sun girma. Wasu sun bar coci har abada, suna riƙe da abin a zuci. Wasu kuma sun riƙe addininsu sun riƙe wasansu, su ne suka fara neman juna. A tsakiyar shekarun 1990 aka kafa ƙungiyar da yanzu ake kira Christian Gamers Guild, kuma tana cikin waɗanda suka daɗe suna shirya sujadar Lahadi a Gen Con. Aikinta biyu ne. Tana gaya wa coci cewa jefa ƙwaya a cikin tatsuniya ba tsafi ba ne, tana kuma gaya wa 'yan wasa cewa ba duk Kirista ne ya zo ƙwace musu littattafai ba. Suna da hujja a hannu: limamin da ke cikin D&D na farko yana da ikon mayar da sanda ta zama maciji, abin da kowannenmu, Musulmi da Kirista, ya sani daga ƙissar Annabi Musa. Kuma J.R.R. Tolkien, wanda littattafansa suka yi tasiri a kan wasan, ɗan Katolika ne mai riƙo da addini.

Waɗanda suka zo daga baya sun ƙara taku ɗaya, suka shiga tsakiyar kasuwar. Ƙungiyar GameChurch ta riƙa kama rumfa a tarukan wasanni kamar kowane kamfani, ta kafa ƙyalle mai cewa Yesu na ƙaunar 'yan wasa, tana raba Bisharar Yohanna kyauta cikin ɗan littafi da aka tsara da salon maganar 'yan wasa. Ba sa tare hanya, ba sa ɗaga murya. Wanda ya tsaya ya yi tambaya a amsa masa, wanda ya wuce ya wuce.

A ganinmu, dabarar ƙungiyar Love Thy Nerd ce ta fi cancanta a tsaya a duba. Sunan ya samo asali ne daga umarnin ƙaunar maƙwabci, sai suka sa kalmar da Amurkawa ke tsokanar yaron da ya ƙwallafa rai a kan wasanni da littattafan zane, wanda ba ya ƙwallo, ba ya cikin 'yan gayu. Su kan tura 'yan sa kai su yi wa kamfanonin wasa aiki a rumfunansu. Ku yi tunanin abin da hakan ke nufi. Ƙaramin kamfani na mutum biyu ko uku ya zuba jarinsa ya buga wasa, ya biya kuɗin rumfa, ga dubban mutane na wucewa, kuma ba wanda zai sayi wasan da bai gwada ba. Dole a samu mai zama ya koyar da dokokin, ya maimaita wa sababbin fuskoki tun safe har yamma, murya ta dushe, ƙafa ta yi tsami. Wannan wahalar ce 'yan ƙungiyar ke ɗauka. A bakin teburin ba wa'azi suke yi ba, wasan kamfanin suke koyarwa. Lissafinsu shi ne, mutumin da ka taya ɗaukar kwali, ka tsaya masa kwana huɗu, shi da kansa zai tambaye ka wane ne kai, me ya kawo ka. A nan magana ke farawa, idan za ta fara.

Me ya sa tebur? Ku duba yadda wasan yake. Mutum huɗu da ba su san juna ba sun zauna fuska da fuska na awa ɗaya ko biyu, waya na aljihu. Doka ɗaya ce a kan kowa, farfesa da direba duk sai sun jira layinsu. Mai jin kunya ba sai ya nemi abin faɗa ba, wasan ya ba shi. Wasu wasannin ma babu abokin gaba a cikinsu: a Pandemic, wanda Matt Leacock ya fitar a 2008, duk 'yan teburin ƙungiya ɗaya ce mai yaƙi da annoba, ko a ci tare ko a faɗi tare. Kafin a tashi an yi dariya, an yi gardama, an san sunan juna. Da wuya mai riƙe da lasifika a bakin titi ya samu ko rabin wannan.

Akwai kuma dalilin da ya fi wasa nauyi. Cibiyar Gallup ta gano cewa a 2020 kashi 47 cikin ɗari na manyan Amurkawa ne kawai ke da rajista da wani wurin ibada, alhali a 1999 kashi 70 ne. A watan Mayun 2023 babban likitan gwamnatin ƙasar, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kaɗaici ya zama annoba, kusan rabin manya na fama da shi. Ke nan coci na neman mutane, mutane kuma na neman inda za su zauna a san da su. Shi ya sa aikin bai tsaya a kwana huɗun taro ba. Ƙungiyoyi irin su InnRoads Ministries sun riƙa koya wa coci-coci yadda za su shirya daren wasa, a jera tebura a zauren coci, a buɗe ƙofa ga duk mai so. Akwai mutumin da ba zai taɓa shiga sujada ba, amma idan aka ce ranar Juma'a da dare kujerarsa na jiransa, kuma idan bai zo ba labarin ba zai ci gaba ba, zai zo.

To amma a nan ne tambaya mai wuya take, kuma su kansu 'yan wasan suna yin ta. Abotar nan ta gaskiya ce, ko tsaba ce aka watsa wa kaza? Mutumin da aka ƙona wa littattafai yana ɗan shekara goma sha uku yana da haƙƙin ya yi zargi idan coci ta dawo masa da murmushi da kwalin wasa. Daga ɗaya ɓangaren kuma, akwai masu tsattsauran ra'ayi a coci da ke ganin wannan ɓata lokaci ne: ka yi tafiya mai nisa, ka kashe kuɗi, ka kwana huɗu kana koyar da wasa, wataƙila ko sau ɗaya ba ka ambaci addini ba. Har gobe a ƙofar wasu manyan taruka, kamar Comic-Con na San Diego, ana ganin masu ɗaga alluna suna yi wa masu shiga gargaɗin wuta.

Mu dai ma'auninmu ɗaya ne. Idan abokin teburin ya ce, "Na gode, ba na bukatar addininku," shin mako mai zuwa za a sake kiransa wasa? Idan an kira shi, kuma aka ci gaba da kiransa shekara da shekaru ba tare da an matsa masa ba, to abota ce. Idan kujerarsa ta ɓace, to tun farko shi ba aboki ba ne, abin farauta ne. Abin da ya rage zargi a kan waɗannan ƙungiyoyi shi ne ba sa ɓoye ko su waye, sunansu ma ya faɗa, kuma galibinsu tun asali 'yan wasa ne, ba aron rigar suka yi don wa'azi ba. Wanda bai iya wasa ba, minti biyar ya isa a gane shi a Gen Con. Wannan ma'auni bai tsaya kan Kiristoci ba. Duk ɗalibin da ya taɓa jan wani jiki don ya shigar da shi kulob ɗinsu ko ƙungiyarsu ta makaranta, ya san abin da muke nufi.

Shi kuwa Gary Gygax, wanda aka shafe shekaru ana kira wakilin Shaiɗan, ashe mai addini ne. A Gen Con na 2007 ya zauna a wani zaman tattaunawa kan Kiristanci da wasanni, inda ya bayyana cewa ya daɗe yana nauyin faɗin cewa shi Kirista ne, don gudun kada sunan da aka ɓata wa wasansa ya shafi addinin. Ya rasu a watan Maris na 2008. 'Ya'yansa da abokansa suka fara wani taron wasanni don tunawa da shi a garinsu na Lake Geneva, suka sa masa suna Gary Con. Ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna tare da shi a wancan zama na 2007, wani fasto ɗan ɗarikar Methodist mai suna Derek White, shi ne ya zama limamin taron.