Jitar Buzu da ta bi ta Sakkwato

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu tura waƙa a kasuwar Funtuwa ko Malumfashi, musamman da kaka, lokacin da kuɗin masara da auduga suka shigo hannu, ya san yadda waƙa ke yawo a ƙasar nan. Ka miƙa memori, a loda maka, ka koma ƙauye, abokinka ya karɓa ta Bluetooth. Ta wannan hanya ce wani saurayi Buzu daga jihar Tawa ta Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ya fito har ya zama jagoran ɗaya daga cikin ƙungiyoyin kiɗan rok da ake ji da su a Amurka da Turai.

Gidansu gidan addini ne, ba a son kiɗa. Shi ya sa jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayoyin birkin keke. Bahago ne, kuma ya koya ne ta hanyar kwaikwayon Abdallah Oumbadougou, wanda waƙoƙinsa suka yi tashe lokacin tawayen Buzaye a shekarun 1990.

Abin da ya kamata Bahaushe ya lura da shi shi ne inda aka ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008: Sakkwato. Zamanin ne da waƙoƙin fim suka cika gari, ana lanƙwasa murya da kwamfuta, fiyano na biye. Mdou ya ɗauki wannan salo namu ya ɗora masa Buzanci. Ba a ma buga faifan an sayar ba a lokacin, daga waya zuwa waya ya ratsa hamada, har wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ji waƙar Tahoultine a wayoyin mutane, ya sa ta cikin wani kundi na kamfaninsa Sahel Sounds, sannan ya shiga cigiyar mai ita.

Daga baya ƙungiya ta tsayu da mutum huɗu: Mdou a jitar gaba, Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, sai Ba'amurke Mikey Coltun mai jitar bes, wadda ke ba kiɗa kauri. Mdou ya fitar da Ilana a 2019. A 2021 kuma kamfanin Matador na New York ya fitar musu da Afrique Victime. Wannan kamfani gida ne na irin rok ɗin da ya taso a shekarun 1980 a bayan fage, na matasan da suka ƙi bin tsarin manyan kamfanoni, irin wanda Nirvana ta fito da shi fili a 1991. Shi ya sa Turawa ke jera su a wannan sahu.

Ni dai kunnena ba haka ya gaya mini ba. Mutumin da ya tashi a Funtuwa, garin da Mamman Shata ya zauna, ba zai ji baƙon abu ba a tsarin: jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa, kiɗa guda yana ta juyawa yana ƙara sauri har jiki ya ɗauka. Ƙarar lantarki ce kawai sabuwa. Gangar takan yi sukuwa irin ta takamba, kuma a wuraren biki a Agadas suka goge, inda makaɗi ke kwana yana kiɗa a fili, ƙura na tashi.

Su kuwa waƙoƙin, akwai na soyayya, amma masu zafin su ne na siyasa: yadda Faransa ta daɗe tana kwasar yuraniyom a Arlit alhali ƙauyukan Nijar ba wuta, da tsoron kada harshen Buzanci ya ɓace a bakin yara. Juyin mulkin Yulin 2023 ya same su suna rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale can na ɗan lokaci. A shekarar da ta biyo baya suka fitar da Funeral for Justice, wato jana'izar adalci.

Buzun da ke dafa shayi a ƙofar wani gida a Funtuwa, idan ka tambaye shi, mai yiwuwa waƙar Mdou na cikin wayarsa.