Abubuwan da ya kamata ka sani game da durowa mai ƙara

A ɗakin da jariri ke barci, ko mara lafiya ke kwance, ƙarar durowa ba ƙaramin abu ba ce. Mutum ya tashi da asuba zai ɗauki tocila ko carbi a durowar gefen gado, ya ja ta yi ƙiiii, ya tura ta buga gam, kowa ya farka. Da yawa sun ɗauka haka kayan katako suke, sai haƙuri. Alhali kowace ƙara da dalilinta, kuma yawancin maganin bai kai kuɗin kiran kafinta ba.

Ka fara da saurare

Kafin ka taɓa komai, ka ja durowar a hankali, ka mayar. Idan ƙarar tana fitowa ne tana cikin tafiya, goga ce: wani abu na cin wani. Idan sai ta kai ƙarshe take bugawa, karo ne tsakanin fuskarta da jikin kabad. Wani lokaci kuma durowar ba ta da laifi, makullai da kwalaben turare ne ke karo da juna a ciki. Wannan shimfiɗa ƙyalle mai kauri ya ishe shi. Wanda bai bambance waɗannan ba zai yi ta shafa abu inda ba nan ciwon yake ba.

Damina da hunturu

Katako ko an yanke shi an shafe shi da fenti, bai daina shan laimar iska ba. Da damina yakan kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, kuma motsin nan a faɗinsa yake yi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. A garuruwa irin su Kano, Sakkwato da Damagaram, bambancin laimar watan Agusta da bushewar Janairu mai yawa ne ƙwarai. Shi ya sa durowar da ke cijewa da damina ita ce ke lilo tana ƙwanƙwasa da hunturu.

A nan mutane ke yin ɓarna. Durowa ta cije a tsakiyar damina, sai a ɗauko abin fiƙa a rage mata jiki da yawa, rani na zuwa ta zama sako-sako, kuma abin da aka fiƙe ba ya dawowa. Abin da ya fi shi ne ka zare durowar gaba ɗaya, ka juya ta, ka duba. Wurin da ke goga za ka gan shi ya yi sulɓi yana ƙyalli, ko ka tarar da garin katako a ƙarƙashinsa. In ba ka gani ba, ka goga alli a gefuna da ƙasanta, ka mayar ka sake zarowa. Inda allin ya goge, nan ne. Wurin kaɗai za ka bi da samfefa mai laushi, kaɗan-kaɗan, kana gwadawa.

Kyandir, ba mai ba

Durowar da katako ke tafiya a kan katako, kyandir take so. Ka goga shi sosai a ƙasan gefunanta da kan sandunan da take bi, ka ja ka mayar har ya shiga. Kakin zuma ma yana yi, busasshen sabulu kuma ya tsaya a madadi in babu, sai dai shi yana jan laima. Man gyaɗa ko baƙin man inji kuwa, kada ka kusantar da su. Katako zai shanye su, ƙura ta manne, tufafin da ke ciki su ɗauki wari da tabo.

Mai layin ƙarfe

Yawancin kayan ɗakin da ake yi wa amare yanzu, na katakon MDF, durowarsu a kan layin ƙarfe take tafiya, ko mai ƙaramar taya ta roba ko mai 'yan ƙwallayen boris. Babban abokin gabar wannan layi ƙura ce. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da giris ɗin da ke ciki ta zama kamar yashi, kana ja kana jin ƙaras-ƙaras. Ka zare durowar (layin boris yana da ɗan harshen roba baƙi a kowane gefe, ɗaya a danna sama ɗaya ƙasa), ka share da tsohon burushin haƙori da tsumma, sannan ka sa giris ɗan kaɗan. Yawansa ƙura yake ƙara kira.

Daga nan ka bi notocin da sukundireba. Noti ɗaya da ya ɗago kai ya isa ya riƙa kartar layi, ya kuma karkatar da durowar. MDF ba ya riƙe noti kamar katako na gaske. In ramin ya buɗe, ka cusa tsinken ashana da gam, ka bari ya bushe, ka sake ɗaurawa. Layin da ya lanƙwashe ko ƙwallayensa suka zube, canji kawai yake so, kuma biyun ake canzawa tare.

Bugun ƙarshe

Wannan ne ya fi tayar da mai barci, shi ne kuma mafi sauƙin magani. Masu sayar da kayan kafintoci suna da 'yan ɗigon roba masu gam a baya. Ka liƙa ɗaya a kowace kusurwa ta cikin fuskar durowar, inda take haɗuwa da jikin kabad. In fuskar shigewa ciki take yi, a bayan durowar za ka liƙa. Guntun fata ko na tsohuwar robar taya ma yana yi, muddin bai wuce kaurin milimita 2 ko 3 ba, don kada durowar ta ƙi rufuwa daidai.

Mai rufe kanta a hankali

Akwai layin da aka ƙera musamman saboda bugun ƙarshen nan. Idan durowa ta rage kamar santimita 5 ta rufe, wani ɗan ƙugiya zai kama ta, sifirin ya ja ta ciki, wani ɗan bututu mai ruwan mai kuma ya riƙa tauye gudun, sai ta shige shiru ko da da ƙarfi aka tura ta. Kamfanin Blum na ƙasar Ostiriya, wanda aka kafa a 1952, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan fasaha da sunan Blumotion. Hettich na Jamus ma yana yi, ga kuma masu rahusa na ƙasar Sin. Buɗe irin wannan durowa yana ɗan buƙatar ƙarfi fiye da ta da, domin sifirin ɗin kake ɗanawa, ba lalacewa ba ce.

Ana iya sa wannan layi a tsohuwar durowa, amma da sharaɗi: tsawon sabon layin ya zo daidai da na tsohon, kuma irin na gefe yana son tazarar milimita 12.7, wato rabin inci, a kowane ɓangare. A ganina, lokacin da ya fi dacewa a yi maganarsa shi ne ranar ba da aiki. Uba ko uwar da za su yi wa 'yarsu kayan ɗaki, bayan zaɓen launi da ado, ku ce wa kafinta: "Malam, wane irin layi za ka sa wa durowa?" Ku sa ya nuna muku shi, ku ja ku tura da hannunku kafin ku biya cikon kuɗi.