ƘULLUTUN DA KE KASHE ƘAFA A ƁOYE

Idan aka ga mutum yana tafiya yana ɗaga gwiwa sama sosai, ƙafarsa na faɗuwa ƙasa tim, silifa na zame masa, abin da jama'a suka fi zato shi ne shan inna, ko kuturta, ko kuwa an yi masa jifa. Amma akwai wani ciwo da ba kowa ya san da shi ba, wanda ɗan ƙullutu ne kawai a gefen gwiwa yake haddasa shi. Likitoci suna kiransa gangiliyon.

Ƙullutun nan ba ciwon daji ba ne. Jaka ce cike da ruwa mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, irin ruwan da ke cikin gaɓoɓi. An fi ganinsa a wuyan hannu, inda sau da yawa ba ya wata ɓarna. A ƙafa kuwa labari ya sha bamban.

Ƙasa da gwiwa, ta gefen waje, akwai wata 'yar gaɓa inda siririn ƙashin ƙwauri ya haɗu da babban. Nan ne wata jijiya take zagayawa dab da fata, kuma ita ce ke ɗaga ƙafa da yatsu sama. Wani ɗan reshenta yana shiga cikin gaɓar. To idan bangon gaɓar ya tsage, sai ruwan ya bi reshen nan ya haura cikin jijiyar kanta, ya cika ta, ya matse ta. Sai mutum ya soma jin zogi a gwiwa da ƙwauri, fatar saman ƙafa ta mutu, daga nan ƙafar ta sage. An fi samunsa ga maza magidanta.

An daɗe ana jayayya a kan asalin ruwan. A shekarar 2003 ne Dokta Robert Spinner na asibitin Mayo a Amurka, shi da abokan aikinsa, suka bayyana cewa daga gaɓar yake fitowa. Wannan bayani ya sake yadda ake aikin. Da, akan tsaga jakar a zubar da ruwan, bayan 'yan watanni ta sake cika. Yanzu likita yakan nemi ɗan reshen nan ya datse shi, watau ya toshe hanyar ruwan tun daga tushe.

Saboda haka sakiya ko ƙaho a wurin wanzami ba su da amfani a nan. Banda haka ma, aska tana iya yanke jijiyar, ƙafa ta mutu har abada.

Ba kowace sagewar ƙafa ce ta ƙullutu ba. Kuturta tana kama wannan jijiya, haka nan ɗorin da aka ɗaure tamau, da allurar da aka yi ba daidai ba a ɗuwawu. Hoton na'urar MRI da gwajin jijiya su ke rarrabewa. Akwai asibitocin ƙashi na tarayya a Dala ta Kano, da Igbobi ta Legas, da Inugu. Wanda aka yi wa aiki da wuri yakan sami ƙarfin ƙafarsa; wanda ya jima ƙwarai kuwa, wani lokaci sai dai a ba shi takalmi mai tallafe ƙafa, ko a juya masa wata tsoka ta ɗauki aikin.