Tsofaffi A Gadon Asibiti: Sa'ad Da Magani Ya Rikiɗe Ya Zama Cuta

Sau da yawa akan kwantar da dattijo a asibiti yana cikin hankalinsa sarai, amma bayan kwana biyu ko uku sai a ga ya shiga sambatu, bai gane ko 'ya'yan cikinsa, ko kuwa ya tashi da dare zai kewaya ya yanke jiki ya faɗi. Nan da nan 'yan jinya sai su ce ai tsufa ne, waɗansu ma su ce iska ce. Alhali kuwa mai yiwuwa ne abin da ya jawo haka yana cikin ƙwayoyin da ake ba shi safe da maraice.

Dalili shi ne, jikin ɗan shekara 75 ba ya sarrafa magani kamar na ɗan shekara 30. Ƙoda da hanta, waɗanda ke kawar da magani daga jini bayan ya gama aikinsa, ƙarfinsu kan ragu da shekaru, saboda haka awon da ya yi wa saurayi daidai sai ya taru a jinin tsoho. Ga shi kuma da wuya a sami tsoho mai ciwo ɗaya tak. Ga hawan jini, ga ciwon sukari, ga ciwon gaɓoɓi, kowanne da maganinsa. Likitoci kan ce muddin magungunan mutum sun kai 5, to, sai an sa ido sosai, gama wani kan yi karo da wani.

Diklofenak da Brufen, waɗanda ake sha don ciwon gwiwa, suna iya haddasa gyambon ciki da zubar jini, su lahanta ƙoda, su kuma ƙara hawan jini. Valium, wanda akan bayar don barci, yana kawo ruɗewa da jiri. Daonil na masu ciwon sukari kuwa yakan kayar da sukarin jini ƙasa ƙwarai, musamman in majiyyaci ba ya cin abinci.

Wani abin takaici shi ne a ɗauki illar magani a kan sabuwar cuta. Alal misali, amlodifin na hawan jini kan kumbura ƙafafu. In ba a lura ba sai a ƙara Lasix don kumburin, shi kuma ya sa yawan fitsari, tsoho ya dinga sauka daga gado cikin duhu, har wata rana ya faɗi ya karya ƙugu.

Masana sun daɗe da farga. A 1991 wani likitan Amurka, Mark Beers, ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi taka-tsantsan da su wajen tsofaffi, kuma ana sabunta shi a kai a kai. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin rage cutarwar magani, inda ta ƙiyasta cewa kurakuran magani na cin dala miliyan dubu 42 kowace shekara. A nan gida, Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi a 2012, hukumar NAFDAC kuma tana karɓar rahoton illar magunguna.

To, amma fa babban aikin yana hannun 'yan jinya, domin likita ba ya duba. Ranar da za a kwantar da tsoho, a tattara duk abin da yake sha, na asibiti da na kemis, har da jiƙe-jiƙe da sassaƙe, a nuna wa likita ko mai harhaɗa magunguna. Kada a ɓoye wani ƙarƙashin matashi ana ba shi a asirce. In an ga halinsa ya sake, a tambaya ko an ƙara masa sabon magani. Ranar sallama kuma a nemi bayani dalla-dalla, wanne aka tsayar, wanne za a ci gaba da shi, don magani ɗaya kan zo da sunaye biyu, a sha shi ninki ba a sani ba. Kada kuma kowa ya tsayar da magani da ra'ayin kansa.

Iyayenmu sun yi ɗawainiyarmu muna ƙanana, yanzu lokacin ramawa ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.