Ƙimar matsi a injin mota

Ƙimar matsi ita ce gwargwadon yadda fistin ke danne haɗin iska da fetur a cikin silinda kafin fulogi ya kunna wuta. Ana samun ta ne ta hanyar raba girman sararin silinda lokacin da fistin yake can ƙasa da ɗan sararin da ya rage idan ya kai ƙololuwa. Idan aka ce 9:1, ana nufin an matse haɗin har ya koma kashi ɗaya cikin tara na girmansa. Yawancin injinan fetur suna tsakanin 8:1 da 12:1. Ƙarin lamba ɗaya a wannan zango yakan ƙara ƙarfin inji da kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, amma ribar tana raguwa yayin da lambar ke hawa.

Kan silinda

Ɗan sararin da ke saura ya ƙunshi abubuwa huɗu: kogon ƙonewa da ke cikin kan silinda, kaurin gaskit, tazarar da ke tsakanin fistin da saman bulok, da siffar saman fistin. Kogon ne ya fi kowanne girma, shi ya sa sauya kai ke da tasiri sosai.

Misalin da aka fi bayarwa shi ne injin Chevrolet 350 mai silinda takwas, wanda ya fito a Amurka a 1967. Kowace silindarsa tana zuƙar kimanin cc 717. A 1971 kamfanin General Motors ya rage matsin injinansa domin su iya shan fetur marar dalma, sai kawuna masu kogon cc 76 suka yawaita. Da irin wannan kai da fistin mai shimfiɗaɗɗen sama, idan sauran abubuwan uku sun kai cc 19, jimilla ta zama cc 95, ƙimar kuma kusan 8.5:1. Idan aka sa kai mai cc 64, kamar Vortec na 1996, jimillar ta sauko zuwa 83, ƙimar ta hau zuwa kusan 9.6:1 ba tare da an taɓa fistin ba.

Fistin

Fistin mai kwarmi a sama yana rage matsi, mai tozo kuma yana ƙara shi. Sai dai tozon yakan tare hanyar wuta a cikin kogo, don haka masu haɗa inji da yawa sun fi son ƙaramin kogo da shimfiɗaɗɗen fistin. Kafin a rufe inji akan ɗora yumɓu a kan fistin a juya shi da hannu, a auna ko zai bugi bawul.

Iyaka

Abin da ke kafa iyaka shi ne fetur. Idan matsi ya fi ƙarfin oktan ɗinsa, ragowar haɗin yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, a ji inji yana ƙwanƙwasa. Idan hakan ya daɗe yana karya zoben fistin, wani lokaci har ya huda fistin ɗin. Kan alminiyam ya fi na ƙarfe jure matsi saboda yana fitar da zafi da sauri. Wasu sukan sa gaskit mai kauri don rage matsin da ya yi yawa, dabarar da ba ta cika biyan buƙata ba, domin tana faɗaɗa tazarar kusan milimita ɗaya da ake so tsakanin fistin da fuskar kai, wadda ita ce ke gauraya haɗin ta hana ƙwanƙwasar.