Nasiha Ga Mai Nufin Sayen Tarho Maras Igiya

Ku sani maganarmu ta yau a kan tarhon gida ce, irin maras igiya, mai uwa guda da 'ya'ya biyu zuwa shida. Uwar ita ake girkewa wuri ɗaya, a haɗa ta da layi da lantarki. 'Ya'yan kuwa a rarraba su ɗaki-ɗaki, kowane da mazauninsa na caji. In an kira, su yi ƙara gaba ɗaya, kuma ɗa yana kiran ɗan'uwansa cikin gida ba a biya ko kwabo ba. Fa'idarsa ga mai babban gida a fili take: malam yana zaure ya yi magana da uwargida, ba sai ya ta da almajiri daga kan allo ba.

Amma wani maƙwabcina falke ya sayo mai 'ya'ya huɗu da tsada, ya zo gida ya rasa layin da zai haɗa. Ga shi nan yau, iyakar aikinsa kira daga zaure zuwa turaka. Saboda haka na tsara muku sharuɗɗa biyar.

Na farko, layi. Asali an ƙera wannan tarho domin layin girke ne. A Nijeriya kuwa, tun da wayar salula ta shigo a 2001 layukan NITEL suka yi ta mutuwa, har aka miƙa kadarorinsa ga wani kamfani a 2015. To, kafin ciniki ka san ta inda magana za ta shigo: ko ta akwatin intanet mai kafar tarho, ko ta akwati mai ɗaukar sim, ko kuwa uwar ta kama wayarka ta hannu ta hanyar Bluetooth, kamar yadda waɗansu ƙirar Panasonic ke yi.

Na biyu, lantarki. Wutar ƙasarmu ƙarfinta 230 ne, ta Amurka 120. Wanda ya soka cajar da aka yi domin Amurka kaɗai bai karanta rubutun jikinta ba, ya ƙone dukiyarsa. Kuma in an ɗauke wuta uwar ta mutu, 'ya'yan duk sun kurumce ko da batirinsu cike yake. Sai a tanadar mata inbata ko sola.

Na uku, nisa. Masu ƙira suna cewa mita 50 cikin gini, mita 300 a fili. Amma katanga mai kauri da ƙofar ƙarfe suna rage wannan ƙwarai. A ajiye uwar a tsakiyar gida bisa wuri mai tsawo, kada a kai ta ƙurya. Mai rumfa a kasuwa kuwa kada ya sa rai ɗan zai bi shi can.

Na huɗu, sirri. Tsofaffin irin na da, ana iya tsintar maganarsu da na'urar rediyo, alhali maganar ciniki da ta iyali amana ce. A nemi wanda aka rubuta DECT a jikinsa, gama shi yana sirranta murya. A lura kuma, DECT 6.0 na Amurka da DECT na Turai zangonsu ba ɗaya ba ne, ɗan wannan ba ya jin uwar wancan.

Na biyar, batir. A zaɓi mai ƙananan batura masu caji, waɗanda ake kira AAA, domin ana samunsu ko'ina. Kada kuwa a sa masa batir na yau da kullum maras caji, zai zubo ya ɓata ɗan.

Daga ƙarshe, ya ɗan'uwa, kada ka biya sai an gwada kowane ɗa a gabanka, kuma ku ƙulla sharaɗin mayarwa gaban shaida in aibi ya bayyana. Allah ya sa mu dace. Wassalamu.