Nok: Abin da ya sa har yau masana ba su san su wane ne mutanen nan ba

A shekarar 1943, wani ma'aikacin kamfanin haƙar kuza a yankin Jema'a da ke kudancin Kaduna ya tsinci kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. Ya ɗauke shi ya kai gonarsa ta doya, ya kafa don tsorata masu yi masa ɓarna. Daga baya kan ya isa Jos, ya shiga hannun Bernard Fagg, wani jami'in mulkin mallaka da ya karanci ilimin binciken kayan tarihi.

Fagg ya lura cewa kan ya yi kama da wani da aka tono tun 1928 a mahaƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, wanda yanzu yake cikin Ƙaramar Hukumar Jaba. Daga nan ya laƙaba wa masu wannan aiki sunan ƙauyen.

Yau sunan Nok ya zagaya duniya, amma babu wanda ya san sunan da mutanen ke kiran kansu, ko yaren da suke yi, ko abin da ya raba su da yankin.

Abin da aka sani

Binciken da ya fi zurfi shi ne wanda masana daga Jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt a Jamus suka fara a 2005 ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da Jami'ar Jos da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Sun kafa sansaninsu a Janjala, a Ƙaramar Hukumar Kagarko.

Binciken ya nuna cewa mutanen sun bayyana a yankin wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun soma ƙera mutum-mutumi wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, sannan sawunsu ya ɓace dab da zamaninsa.

Manoma ne. An samu ƙonannen gero da wake da ƙwallon atili a kufansu. A 2021, masana daga Jami'ar Bristol ta Ingila suka gwada tsingaron tukwanensu, suka tarar da alamar kakin zuma a jiki, abin da ya nuna tun shekara 3,500 da suka wuce ake cin zuma a yankin.

Suna kuma narka tama su fitar da ƙarfe. Fagg ya tono murhun narka tama guda 13 a Taruga, kusa da Abuja ta yanzu.

Babu rubutu, babu ƙashi

Matsala ta farko ita ce mutanen Nok ba su bar rubutu ba. Mai nazarin tarihin Kano yana da kundin sarakuna da waƙoƙi da kirari da zai jingina da su. Mai nazarin Nok ba shi da ko ɗaya. Tsakaninmu da su shekara 2,000 ce, tazarar da labarin kaka da kakanni ba ya iya tsallakewa.

Ta biyu ita ce ƙasar yankin kanta. Tana da sinadarin asid mai cinye ƙashi. Wannan ya sa ba a samun ƙasusuwan mutane da za a yi wa gwajin ƙwayar halitta domin gano ko suna da jikoki a cikin al'ummomin da ke zaune a wurin yau. Haka nan babu ƙashin dabba da zai nuna ko suna kiwo.

Ko kabari ma sai dai a yi hasashe. Masu binciken sun ci karo da duwatsu jere, da tukwane, da duwatsun wuya a shirye kamar an binne su a jikin mutum, amma gawar ta narke ba ta bar komai ba.

Su ma mutum-mutumin akwai abin ɗaure kai a tattare da su. Kusan duk wanda masana suka tono a inda yake tun asali, a farfashe suka same shi, an zuba gutsattsarin cikin rami. Wasu na ganin da gangan aka fasa su yayin wata al'ada da ta shafi mamata, tunda sau da yawa ramukan na kusa da wuraren da ake zaton kaburbura ne.

Siffofin suna ɗauke da kitso na ƙasaita da tarin kayan ado, irin na masu faɗa a ji. Sai dai har yau ba a gano fada ko ganuwa ko babban gari ba. Abin da ake samu ƙananan gidajen manoma ne a warwatse, shi ya sa masana ke taka-tsantsan da kiran Nok daula.

Gardamar ƙarfe

Ana gane shekarun abu ne ta hanyar gwajin kabon da ake yi wa gawayi ko ƙonannen hatsi. Amma gwajin yana da wani rauni: ba ya iya bambance shekarun da ke tsakanin 800 zuwa 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da kyau. A daidai wannan tsakanin kuwa ƙarfen Nok ya bayyana.

Wannan giɓi na shekara 400 ba ƙaramin abu ba ne. Da shi za a raba gardamar da aka daɗe ana yi: shin mutanen yankin ne suka gano narka tama da kansu, ko kuwa fasahar ta ƙetaro Sahara ce daga arewacin Afirka?

Ɓarnar masu haƙar dare

Duk waɗannan matsaloli halitta ce ta kawo su. Wadda ta fi su muni aikin ɗan Adam ce. Tun da kasuwar kayan tarihi ta Turai ta buɗe wa mutum-mutumin Nok, dillalai suka riƙa ɗaukar matasan ƙauyuka haya suna tone kufai. Masanan Frankfurt sun ce fiye da kashi 90 cikin 100 na wuraren da suka sani a yankin bincikensu an riga su tonewa.

Mai haƙar dare kai kawai yake nema. Gawayin da ke gefensa, da tsingaro, da zurfin ramin, da yadda aka ajiye shi, duk yana watsar da su, alhali su ne ke faɗa wa masani shekarun abin da amfaninsa. Da zarar an tone rami, wannan bayani ya tafi ke nan, ko da an dawo da kan daga baya.

Lamarin ya kai ga manyan gidajen tarihi. A shekarar 2000 aka baje wasu mutum-mutumin Nok guda biyu a gidan tarihi na Louvre da ke Faransa, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce. A 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne, ita kuma Najeriya ta bar mata su aro na shekara 25 da za a iya sabuntawa.

Sai kuma rashin tsaro. A watan Fabrairun 2017, 'yan bindiga suka sace Farfesa Breunig da wani abokin aikinsa a Janjala, suka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawunsu. An sako su bayan 'yan kwanaki, amma aikin tono na tawagar ya tsaya daga nan.

Abin da ya rage a ƙasa

Sauran amsoshin suna cikin kufan da ba a taɓa ba, ƙarƙashin gonaki a kudancin Kaduna da Neja da Nasarawa da kewayen Abuja. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta haramta cinikin irin waɗannan kayayyaki da fitar da su waje ba tare da izini ba.

Don haka manomin da garmarsa ta ci karo da kan yumɓu, abin da ya fi shi ne ya bar shi a inda yake, ya sanar da mai gari da gidan tarihi mafi kusa, na Kaduna ko na Jos, wanda Fagg ya buɗe a 1952.